Wushiryar Baba

Litinin, 1 ga Satumba

Baba ya sake barin burodinsa. Shayi kawai ya sha, shi ma da ƙyar. Haƙoran suna can cikin kofi a kan tagar banɗaki suna yi wa duk wanda ya shiga murmushi, mai su kuma yana falo fuska a murtuke.

Tun da aka cire masa sauran haƙoransa aka yi masa na roba, gidan nan ya yi shiru. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karanta labarai a rediyo, wanda ko cefane zai aika sai ya jero shi kamar kanun labarai. Yanzu daga "to" sai "a'a".

Na tambaye shi me ya hana shi sa su. Ya ce, "Zafi, Uwata. Kamar na tauna garwashi."

Laraba, 3 ga Satumba

An kira daga gidan rediyo. Wata da ya koya wa aiki ce, yanzu ita ke shugabantar shirye-shirye. Suna so tsofaffin muryoyi su dawo su karanta labarai na rana ɗaya a tsakiyar watan gobe. Daga kicin nake jin sa: "Ki gaishe su. Muryar ta yi ritaya." Ta ce ita dai za ta ajiye masa gurbinsa.

Da ya ajiye wayar ya daɗe yana goge akwatin rediyonsa da gefen riga. Babu ƙura a kai, ni na goge da safe.

Yaya ta kira da yamma, na ba ta labari. Ta ce, "Ke da kika tsufa a jami'a kina koyar da roba, ki kasa gyara haƙoran ubanki?" Na ce ni kimiyyar sinadarai na karanta, ba likitanci ba. Ta ce duk roba ce. Ta ba ni haushi, don dai tana da gaskiya kaɗan.

Asabar, 6 ga Satumba

Ina wanke kofin sai na kai haƙoran hanci. Wari ne siriri, mai ɗan zaƙi, mai yaji. Ko a barci na san shi. Monoma.

Na samu Baba a baranda na ce zan yi masa darasi, ya ce ba shi da wurin gudu. Na ce masa robar haƙori gari ce da ruwa. Ruwan nan ƙananan ƙwayoyi ne barkatai, su ake kira monoma. A cikin garin akwai wani sinadari, feroksayid, wanda in ya ji zafi yake tsagewa biyu, kowane ɓari ya fito da elektron guda marar abokin zama. Shi ne radikal. Ba ya iya zama haka. Sai ya cafki monoma ɗaya ya ɓalle ɗaurinta ya manne, rashin abokin ya koma bakin wadda aka kama, ita ma ta cafki ta gaba, ta gaba ta cafki ta gaba, har dubbai, sarƙa ta yi tsawo. Ba ta tsayawa sai bakunan sarƙa biyu sun haɗu sun kashe juna. Haka ruwa yake zama abu mai tauri. Amma duk monomar da ba a kama ba tana nan a maƙale, tana tsattsafowa a hankali, a kan dasashinsa.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato ba a gama dafa su ba aka ba ni."

Na shekara nawa ina koyar da wannan, ban taɓa taƙaita shi haka ba.

Talata, 9 ga Satumba

Yau na sha kunya, amma bari in rubuta daga farko.

Jiya na kankare ɗan kaɗan daga cikin haƙoran na kai ɗakin gwaji. Monomar da ta rage ta ninka abin da ya kamata. Likitan haƙori ya duba bakin Baba ya ce dasashin ya yi ja, zai iya zama hakan ne, amma shi awo kawai yake ɗauka, wani ne yake ƙerawa. Ya kwatanta mini wurin. Saman wani kantin tabarau, matakala ƙunci.

Na hau da takardar sakamakon a hannu, na shirya jawabi tun a mota. Na tarar da mutum dogo, furfura ta fara masa a gemu, farar riga duk ɗigon kaki. Kantoci cike da muƙamuƙan filasta, kowanne baki buɗe. Tukunyar ruwan zafi a kusurwa, ƙaramin rediyo yana magana ƙasa-ƙasa.

"Dakta, zauna tukuna."

"Ban zo zama ba."

Na faɗi duk abin da na tanada. Bai katse ni ba. Ya karɓi haƙoran ya kai ƙarƙashin fitila, ya juya, ya juya, ya ce in matso. Akwai wani layi siriri a tsakiya, kuma ruwan hodar ciki ya fi na waje haske.

"Wajen nan aikina ne. Cikin nan ban san shi ba. Sun karye an liƙe, an kuma yi musu shimfiɗa da robar da ke daskarewa ba wuta. Daga ina kika kankara?"

Daga ciki. Ina ma ƙasa ta tsage.

Na dawo gida na ajiye su gaban Baba. Ya kalli silin, ya kalli ƙafarsa. Ashe satin da na yi tafiya taro suka suɓuce masa a wurin wanke hannu. Ya ji kunyar faɗa, ya kai wani shago kusa da tasha. "Mutumin ya ce kafin in gama shan lemo an gama. Kuma wallahi ban gama ba."

Na so in yi faɗa. Dariya ta ƙwace mini, shi ma ta ƙwace masa, baki wangale ba haƙori ko ɗaya, ya manta bai rufe ba. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin a cire.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na koma wurin mai haƙoran ba da haƙuri. Ya ce ya saba da a zo a yi masa faɗa, amma ni ce ta farko da ta zo da jadawali. Ya roƙi in bar masa takardar.

Za a yi sababbi. Na faɗa masa dalilin gaggawar, na ambaci shirin da Baba yake yi a da. Ya ajiye wuƙar kakin da ke hannunsa. Ya ce da wannan muryar ya tashi, kullum yana ɗaura takalmin makaranta ana karanta labaran safe. Awo kawai likita ya aiko masa, bai san bakin wa ya riƙe ba.

"Ki kawo mini hotonsa na da. Wanda yake dariya."

Lahadi, 14 ga Satumba

Mun baje akwatin hotuna a tabarmar falo. Na samu ɗaya, shi da Mama, Allah ya jiƙanta, a bakin wani ruwa, tana riƙe da hularsa ya kai hannu zai ƙwace. Ga wushiryarsa nan fili guda. Na manta yana da ita. Ta yaya mutum zai manta wushiryar ubansa?

Baba ya ce, "Saboda ita ta aure ni. Ita ta faɗa da bakinta."

Talata, 16 ga Satumba

Gardama. Mai haƙoran nan sarkin gardama ne, a hankali yake yin ta, shi ya sa ta fi ciwo.

Shi yana dafawa a ruwa mai zafin digiri saba'in da 'yan kai, ya bar shi ya daɗe, ya sauke. Ni na ce a ƙara da tafasawa a ƙarshe, don in roba ta yi tauri sarƙoƙin sun sandare, sauran monomar ba ta iya isa bakin radikal, sai an ƙara zafi abin ya ɗan saki. Ya ce tafasa tana kawo ƙuraje, haka yake kiran kumfar da ke fitowa a cikin roba, kuma tana iya karkatar da haƙori ya ƙi zama. Na ce ƙuraje daga tafasar farko suke zuwa, ba ta ƙarshe ba. Ya ce, "Dakta, a littafi ko a baki?"

Na ce a gwada. Ya ce a gwada.

Juma'a, 19 ga Satumba

Yau na ji daɗin da na daɗe ban ji ba a aiki.

Na ari ma'aunin zafi mai siririyar waya daga sashenmu na kai shagon mai haƙoran. Ya kwaɓa gari da ruwa har ya zama kamar ƙullu, muka yi dunƙule biyu masu kauri kamar muƙamuƙin ƙasa, muka soke wayar a tsakiya, ya danne a mazubin ƙarfe. Na farko muka jefa kai tsaye a ruwa mai tafasa. Lambar ta hau, ta kai zafin ruwan, sai ta wuce. Ta ci gaba da hawa ita kaɗai, da gudu.

Ya sunkuyo har gemunsa yana taɓa teburin. "Daga ina wannan zafin yake fitowa? Ruwan bai kai haka ba."

Na ce daga ciki. Duk ƙwayar da ta shiga sarƙa tana sakin zafi. In ƙullun ya yi kauri, dogayen sarƙoƙi ba sa iya motsi su haɗu su kashe juna, amma ƙananan monoma suna ratsawa su kai kansu. Ba mai mutuwa, kowa sai ci, zafi ya taru ya rasa hanyar fita, har monomar kanta ta tafasa. Da ya huce ya fasa: ciki kamar soso.

Ya riƙe ɓarin yana kallo. Ya ce tun yana koyon aiki yake ganin ƙuraje, ya san yadda ake guje musu, yau ne ya ga lokacin da ake haihuwarsu. Ni kuma na zana wannan tudun a allo ban san adadi ba, ban taɓa tsayawa a kansa da wani yana riƙe numfashi ba. Ɗalibaina hamma suke yi a daidai nan.

Na biyu, a ruwa mai sauƙin zafi, ya ɗan hau ya sauko kamar mai ladabi. Sumul.

Ya dafa shayi, kofi ɗaya gare shi mai hannu, ya ba ni shi. 'Yarsa ce ta saya masa, tana jami'a a wani gari. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Ban tambaya ba, shi ya faɗa.

Litinin, 22 ga Satumba

Ɗalibai sun ce yau lacca ta yi daɗi. Ɓarin soson na kai musu.

Laraba, 24 ga Satumba

Sakamako. Wanda aka daɗe ana dafawa sannan aka tafasa a ƙarshe, monomar da ta rage a ciki kaɗan ce ƙwarai, sai da na maimaita gwajin. Na kira shi tun ban cire safar hannu ba.

Shi ma yana da nasa labarin. Ya gwada su a kan filasta: wanda aka tsamo da zafinsa ya ɗan karkace, wanda aka bari ya huce a cikin ruwan ya zauna daram. Don haka za a tafasa, yadda na ce, a bar shi ya huce da kansa, yadda ya ce.

"Kin ci rabi, na ci rabi."

Na ce rabina ya fi girma. Na ji yana dariya har da tari.

Asabar, 27 ga Satumba

Gwajin haƙoran da aka fara yi da kaki, a wurin likita. Baba ya sa babbar riga kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Mai haƙoran ya zo da kansa, likita ya ce bai saba ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya ce, "Kai ne 'yata ta je ta yi wa rashin kunya?" Ya ce, "Ai ilimi ta kawo mini, Baba." Ni dai ina kallon kalandar bango.

Aka sa masa, aka miƙa madubi. Ya buɗe baki a hankali. Wushiryar tana nan, har da ɗan haƙorin gefe da ya hau kan ɗan'uwansa. Ya taɓa madubin da yatsa. Sannan ya ce, "Sannu da zuwa."

Na fita waje wai zan amsa waya.

Talata, 30 ga Satumba

Sababbin haƙoran suna cikin ruwan dahuwa. Na leƙa bayan an tashi daga aiki don in tabbatar da zafin. Ba don komai ba, ma'aunin tukunyarsa tsoho ne.

Juma'a, 3 ga Oktoba

An sa. Bayan an goge su na sa an jiƙa su a ruwa tun shekaranjiya don duk abin da ya rage ya fita. Na shinshina, babu komai. Baba ya wuni da su. Babu garwashi. Ya ci ƙwai, ya ci ayaba, ya nemi ƙari.

Amma da ya ɗauki jarida zai gwada karatu, sai "s" ta fito da fito. "Shugabannin siyasa sun sanar", kamar ana kiran tsuntsu. Ya sake, haka. Ya ninke jaridar ya ce barci yake ji, alhali ko la'asar ba a yi ba.

Ban yi tunanin wannan ba sam. Duk hankalina yana kan monoma.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na faɗa wa mai haƙoran a waya, ya ce wannan ba a gyara shi a kan filasta, sai an ji da kunne. Ya nemi izinin likita ya zo gida da 'yar jakarsa.

Sun zauna a baranda. Baba ya karanta, shi ya rufe ido ya saurara, ya karɓa ya ɗan goge bayan haƙoran gaba, ya wanke ya mayar. Baba ya sake karantawa. Haka suka yi ta yi. Baba ya ƙirƙiro jimla don mugunta: "Sassan sassaƙa sun samu sassauci." A karo na farko sai da kyanwar maƙwabta ta waiwayo. Can wajen magariba fiton ya ɓace. Baba ya gyara zama, ya sauke murya can ƙasa inda take a da, ya ce, "Masu sauraro, barkanmu da war haka."

Mai haƙoran ya sunkuyar da kai yana ta shirya jakar da ya riga ya shirya.

Baba ya hana shi tafiya sai ya ci abinci. Shinkafar ta ɗan kama. Ya cinye.

Asabar, 11 ga Oktoba

Baba da kansa ya kira gidan rediyo: "Gurbin nan yana nan?" Yanzu komai karantawa yake. Kwalin shayi, takardar magani, bayan motar ɗaukar kaya. Da safe ya sanar da ni, cikin muryar labarai, cewa rahotanni daga kicin na nuna sukari ya ƙare.

Yaya ta ce a waya sunan wani yana yawan fitowa a bakina. Na ce ko sunansa ban cika kira ba. Ta ce, "Shi ne ai. 'Ya ce, ya ce.' Wa ya ce?" Na ce mata ina da aikin dubawa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ya karanta.

Na zauna bayan gilashi tare da masu na'ura. Jar fitila ta kama, ya ɗaga kai, shi ke nan, shekarun suka zube. Ko tuntuɓe ɗaya. Matar da ta gayyace shi tana share ido da bakin mayafi, wani matashi mai haɗa sauti ya cire abin kunnensa ya dube ni ya ce ashe haka ake yi. Da aka kashe fitilar Baba ya waiwayo ya yi mini murmushi, duka, ba hannu.

A mota wayarsa ba ta huta ba. Abokan da ya daina ɗauka, duk ya ɗauka. Ni saƙo ɗaya ya shigo mini, daga mai haƙoran: ya rufe shago ya saurara, kuma "s" ɗin nan tasa ce, sauran haruffan kuma ya bar mini. Na karanta a wurin jan wuta har na bayana ya yi ham.

Mun tsaya Baba ya sayi tuffa. Ya ce yanka masa zan yi, an hana shi gatsa. Yana bin doka yanzu.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Aiki ya ƙare. Na mayar da ma'aunin zafi sashenmu, na sa hannu. Babu sauran abin da zai kai ni saman kantin tabarau. Haka ya kamata.

Ɗazu muna cin abinci Baba ya dafe kumatu ya ce haƙoran suna ɗan matsa masa. Na ce a ina? Ya nuna dama. Can da na sake tambaya ya nuna hagu. Duk wannan yana tauna nama, ya kusa cinye nawa ma.

"A kai ka wurin likita gobe?"

"Wane likita kuma. Ɗan abu ne. Wancan yaron kirkin zai gane. Ki ce ya zo da yamma, kada ya ci abinci."

Na dube shi, ya dubi silin.

Na san lafiyarsu ƙalau. Ni na auna su, shi ya zaunar da su, babu inda suke matsawa. Da na ga dama da na faɗa.

Na kira. Ya ce matsi ba abin wasa ba ne, zai zo. Muryarsa ba ta yi kama da ta wanda ya yarda da matsin ba.

Ban san me ya sa na fito da kaya har kala uku na shimfiɗa a gado ba. Shuɗin, ina ga. Yana buƙatar guga.